Yadda na daina shan yakushin zomanyata

Alhamdulillahi, mako guda ke nan ba ta yakushe ni ba. Tun da na kawo ta gidanmu a Gwammaja, duk ɗauka sai ta yi ta harbi da ƙafafun baya, hannuna duk shaida.

Da farko ta kunne nake ɗaga ta, yadda na taso na ga ana yi. Ashe ciwo take ji, kuma in gindinta na reto ta yi harbi, ƙashin bayanta zai iya karyewa. Na koma kama fatar wuya, duk kanwar ja ce.

Sai na daina bin ta a tsakar gida. Ina zama a tabarma da ganyen karas har ta matso da kanta. In zura hannun dama ƙarƙashin ƙirjinta, daf da bayan ƙafafun gaba, na hagu ya tallafi gindinta, in manna ta a jikina nan take, kanta cikin lungun gwiwar hannuna. Tana daina ganin ƙasa sai ta natsu. Wajen saukewa ina durƙusawa, ƙafafun baya su fara taɓa ƙasa. Da tsakar rana kuwa, a zafin Kanon nan, ba na ɗaukarta sai bayan la'asar.

Allah ya saka wa likitan dabbobin da ya nuna min.