Darasi na Tara: Kwana a Bakin Kwazazzabo

Kwazazzabo rami ne mai zurfi da tsawo wanda ruwa ya zaizaye a cikin dutse. Akwai ƙanana, akwai manya. Wanda za mu karanta a kansa yau yana jihar Arizona ta ƙasar Amurka, ana kiransa Grand Canyon. Kogin Kolorado ne ya haƙa shi, kuma masana duwatsu sun ƙiyasta cewa aikin ya ci shekara miliyan 5 zuwa 6. Tsawonsa kilomita 446 ne. A wani wuri faɗinsa ya kai kilomita 29, zurfinsa kuwa kimanin mita 1,800. A shekarar 1919 gwamnatin Amurka ta mai da wurin gandun ƙasa, wato filin da doka ta kare, ba a noma, ba a farauta. Amma tun kafin a yi wannan doka akwai mutanen da ƙasarsu ce, irin su Havasupai da Hualapai da Hopi da Navajo, kuma har yau suna nan.

Ku sake duba lambobin da ke sama. Kowa ya karanta su da babbar murya kafin mu wuce.

Inda ake sauka

A cikin gandun ba a kafa tanti inda mutum ya ga dama. Akwai wuraren da aka keɓe don yada zango. A bakin kudu, babban sansanin shi ne Mather, mai fili sama da 300, kusa da ƙauyen da otal-otal da kantuna suke. Can akwai jama'a, akwai kai-da-kawon motoci. Mai son shiru sai ya nausa gabas, tafiyar kilomita 40, zuwa Desert View. Filayen can kimanin 50 ne kawai, kuma daga Afrilu zuwa Oktoba ake buɗe shi. Kusa da shi akwai wata hasumiyar dutse da aka gina a 1932, wadda wata mai zanen gine-gine, Mary Colter, ta tsara. Daga nan ana hango kogin can ƙasa kamar zare.

Kowane fili yana da tebur, da murhun ƙarfe, da wurin ajiye mota. Famfo da banɗaki na tarayya ne. Babu wurin wanka, babu wutar lantarki a filin. Ana kama wuri ta intanet tun kafin ranar, wani lokaci da watanni, domin wanda ya iso da yamma yana neman fili yakan juya da tantinsa a naɗe.

Dutse ne a kife

Ga abin da nake so ku riƙe daga wannan darasi. Wanda ya zo da mota yakan ga ƙasa a shimfiɗe, ga itatuwa, ga titi, sai ya ɗauka a fili yake. A'a. Bakin kudu yana da tsayin kimanin mita 2,100 daga teku, bakin arewa ya fi haka da wajen mita 300. Wato kana kwance a kan ƙololuwar dutse ne, ko da yake ba ka hau da ƙafarka ba. Gindin dutsen shi ne can ƙasa inda kogi yake. Kusan duk kuskuren da baƙo ke yi a wurin, daga manta wannan yake tasowa.

Na farko numfashi. A irin wannan tsayi iska ta fi sauƙi, kowane numfashi yana kawo wa jiki ƙasa da abin da ya saba samu. Sai ka ga ƙato ya ɗauko jarkar ruwa daga famfo, taku hamsin kawai, yana haki. Wani kansa ya yi ciwo, wani barci ya ƙi zuwa a daren farko. Ba abin tsoro ba ne ga mai lafiya. A yi aiki a hankali, a sha ruwa, a bar doguwar tafiya sai gobe. Mai ciwon zuciya ko na huhu kuwa ya ga likita tun kafin ya taso.

Sai sanyi. Da rana a watan Yuli zafi yakan kai digiri 28 ko 29, mutum ya yi ta zufa. Rana na faɗuwa sai labari ya sha bamban, kafin asuba ya sauko wajen digiri 12. A Afrilu da Oktoba yakan matsa kusa da sifili, inda ruwa ke daskarewa. Mutane da yawa suna tanadin bargo mai kauri su manta da shimfiɗa, alhali ta ƙasa sanyi ya fi shiga. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki duk dare. Saboda haka a sa katifa ko da siririya ce a ƙarƙashi, a sa hula, a canza rigar da ta jiƙe da zufa kafin a kwanta. Kuma komai tsananin sanyi, kada a kunna risho ko murhun gas ko gawayi a cikin tanti. Akwai gubar da ke fita daga wuta, ba ta da wari, ba ta da launi, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Har tukunya ta san an hau sama. A bakin teku ruwa yana tafasa a digiri 100, a nan kuwa wajen 93. Yana tafasa da wuri amma bai kai zafin da aka saba ba, shi ya sa abinci ke daɗewa bai nuna ba. A ƙara masa lokaci, a rufe tukunya.

Kafa tanti

A iso da sauran rana. A share tsakuwa da hannu, a kafa a daidai wurin da aka tanada, ba a kan ciyayi ba. Bakin kwazazzabo wurin iska ne, tana iya tasowa cikin dare ba sallama. A kafa dukkan turaku, kowanne a karkace, kansa yana kallon waje. Ƙasar tana da tauri, in turke ya ƙi shiga sai a ɗaura igiya a jikin babban dutse. Ba a ɗaura ta yadda za ta ji wa itace rauni.

Ruwa

Abin mamaki, ga kogi ana kallo, amma saman busasshe ne. Dutsen da ke bakin kwazazzabon farar ƙasa ce mai ramuka, ruwan sama na sauka sai ya zurare. Ruwan da ake sha a bakin kudu daga wata maɓuɓɓuga yake zuwa, Roaring Springs, wadda ke ƙarƙashin bakin arewa. Ta bututu ake ƙetaro da shi, sannan a turo shi sama da inji. An shimfiɗa bututun tun shekarun 1960, kuma ya sha fashewa, har akan taƙaita amfani da ruwa. Wanda ya san wannan ba zai bar famfo yana zuba ba, kuma zai zo da nasa a jarka.

Ga lissafi. A ce kowane mutum yana bukatar lita 4 ta sha a rana. Ku uku ne, za ku yi kwana 2. Lita nawa ke nan? Rubuta amsarka a littafinka. Ka tuna ba a sa na girki da na wanke-wanke ba.

Bakin ramin

A wasu wurare an sa shinge, amma mafi yawan bakin babu komai. Shawarar ma'aikatan gandun ita ce a tsaya aƙalla mita 2 daga baki. Dutsen da ake gani kamar yana da ƙarfi, wani ƙarƙashinsa ya zaizaye, wani kuma tsakuwa ce a kai mai santsi. Kada a tsallake shinge. Kada a ja da baya don ɗaukar hoto, mai riƙe da waya idonsa ba ya kan ƙafarsa. Yaro a riƙe hannunsa. Kada a jefa dutse ƙasa, ko ƙarami ne, akwai hanyoyi a ƙarƙashi kuma akwai mutane a kansu.

Daga Yuli zuwa farkon Satumba hadari yakan haɗu da rana tsaka ko da la'asar. Mutumin da ke tsaye a baki shi ne abu mafi tsayi a wurin, tsawa kuwa abu mai tsayi take nema. In ka ga walƙiya, ƙirga har ka ji rugugi. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce tsakaninku. Amma kada ka tsaya dogon lissafi: da ka ji tsawa, bar bakin. Tanti ba mafaka ba ne, gindin itace ma haka. Shiga gini, ko mota mai rufin ƙarfe ka ɗaga gilashi, ka jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

In kuma sha'awa ta ja ka ka gangara ciki, a nan ne kifewar dutsen ta fi cutar mutane. A dutsen da aka saba, da hawa ake farawa, in an gaji a juyo, gangara ta kawo mutum gida. Nan da gangara ake farawa, ƙafa na gudu, rai na jin daɗi, ba a san ana cin bashi ba. Hawa yana cin ninki biyu na lokacin gangara. Ga shi kuma ana sauka zafi na ƙaruwa, a gindin kwazazzabon yakan wuce digiri 40 a Yuli. Hukumar gandun tana gargaɗi da kakkausar murya kada a je kogi a dawo a yini ɗaya. In kana da awa 3, gangara awa 1 ka juyo, ko da kana jin da sauran ƙarfi. Ka riƙa cin abu mai gishiri tare da ruwan, domin ruwa zalla bayan zufa mai yawa shi ma yana kwantar da mutum.

Maƙwabta masu ƙafa huɗu da masu fiffike

Hankakin wurin sun ƙware. Suna yaga leda, suna buɗe jaka, minti biyu ka juya baya sun gama da tebur. Abinci da shara su kwana a cikin mota. Kurege kuwa yana zuwa har gabanka kamar mai bara, amma yana cizo, kuma ba shi abinci laifi ne a dokar gandun. Akwai wata ƙatuwar barewa mai ƙaho kamar rassan itace da ke ratsa sansani. A bar mita 30 tsakani. Mai sa'a yakan ga wata ungulu da faɗin fikafikanta ya kusa mita 3. Sauran kaɗan ta ƙare a duniya, a arewacin Arizona sai a 1996 aka fara sako waɗanda aka kiwata.

Wuta da dare

Ba a tsintar itace a gandun, ko busasshe ne, saye ake yi. Wuta a murhun ƙarfe kawai ake hura ta, kuma in fari ya yi tsanani akan hana ta ɗungurum, don haka a karanta allon sanarwa. Kafin barci a zuba ruwa, a juya tokar, a sake zubawa, sai hannu ya ji sanyi.

Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne. Tanti yadi ne ba bango ba, hirar da kuke yi ƙasa-ƙasa tana kunnen maƙwabci, balle buga ƙofar mota. Haske ma haka. A 2019 aka sa gandun cikin wuraren da ake kare duhun samansu, kuma fitila ɗaya mai ƙarfi ta isa ta ɓata wa sansani duka kallon taurari. A haska tocila ƙasa, in akwai mai jan haske ta fi. Ido yana bukatar wajen minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu. Da dare kuma ba a yawo wajen baki sai a kan hanyar da aka sani tun da rana.

Aiki

Rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: kwazazzabo, maɓuɓɓuga, hasumiya, turaku. Sannan ka amsa: mutum ya gangara minti 45, minti nawa zai yi kafin ya dawo sama? In ya tashi ƙarfe 6 na safe, ƙarfe nawa zai iso tantinsa?