Kurakuran da ke cinye jin kafintoci da magina

Babban kuskure shi ne kalmar nan da ake yawan ji a wurin gini: "Ai na saba." Kunne ba ya sabawa da ƙara. In ƙarar injin yankan ƙarfe ta daina damunka, to jinka ne ya fara raguwa. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyin halitta masu kama da gashi da ke ɗaukar sauti, kuma in suka mutu ba sa sake tsirowa. Amon da kake ji da daddare bayan yinin buga kwano gargaɗi ne.

Ana auna ƙara da desibel. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata a wurin aiki, ta ba da shawarar kada a wuce desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin 3 yana rage lokacin da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2. A 100, inda injin yanka kan kai, minti 15 ne kacal. Ba ka da na'urar awo? In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke kusa da kai, kamar tsawon hannu, ya ji ka, ƙarar ta yi yawa.

Auduga ba ta tare abin kirki, iyafis kuwa ƙara kan ƙara ce. Nemi abin toshe kunne na soso. Shi ma akasari a bakin kunne ake maƙala shi, ya zama ado. Murza shi da yatsu masu tsabta har ya sirance, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama, ka tura, ka riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Mai rufe kunne gaba ɗaya kuma kada a ɗora shi kan hula, sai ya manne da fata.

Wani kuskuren shi ne cirewa "na ɗan lokaci" don a ji me oga ke faɗa. Minti 5 a cikin awa ɗaya kan zubar da kaso mai yawa na kariyar. A kashe injin tukuna, sannan a yi magana.

Masu kwangila ma da nasu laifin. Ana ajiye janareto dab da ma'aikata don tsimin waya, alhali a fili, ninka tazara na rage kusan desibel 6. Yaron da ke riƙe wa oga kwano ma ƙara ɗaya suke sha, shi ma a saya masa nasa.