Yadda Za a Bar Facebook da WhatsApp a Kwamfutocin Laburaren Jami'a Ba Tare da Intanet Ya Kwanta Ba

Toshe kafofin sada zumunta ɗungurungum ba ya haifar da ɗa mai ido. Ɗalibin da ya sha cunkoso daga Agege zuwa jami'ar Legas a Akoka, ko ya tako daga Alaba Rago zuwa jami'ar jihar Legas a Ojo, datarsa ta ƙare, shugaban aji kuma ya tura canjin ɗakin lacca a rukunin WhatsApp, wannan karatu ya kawo shi. Mai son shiririta kuwa VPN, manhajar ɓoye shafukan da mutum ke shiga, zai kunna ya zagaye shingen. A yi rabon layin intanet da kwamfutoci kawai.

A fara da lissafi, domin bidiyo ke shanye layi, hirar rubutu ba ta cin komai. YouTube a 1080p, wato hoto tar-tar, na neman kusan 5 Mbps (ma'aunin gudun intanet), a 480p mai ƙarancin kyan hoto kuwa 1.1 ya ishe shi. Ke nan idan layin laburare 100 Mbps ne, mutum 20 masu kallon ƙwallo tar-tar sun cinye shi kaf, mai sauke maƙalar mujalla ya zuba tagumi. A shiga rauta, na'urar da ke raba intanet, MikroTik ce ko pfSense, a ƙayyade wa kowace kwamfuta 1.5 Mbps. Idan kwamfuta 60 ne, sun tashi 90, an bar 10 ga ma'aikata. Bidiyo zai sauko da kansa zuwa 480p, laccar da ake kallo ba za ta tsaya ba.

Sai a raba ɗakin. Kashi biyu cikin uku na bincike ne zalla, nan a tace Facebook, TikTok da Instagram ta sunan shafi a DNS, tsarin da ke kai burauza ga shafi ta sunansa. Tacewa da kalmomin cikin adireshi ɓata lokaci ne, HTTPS, tsarin sirrinta bayanan shafi, ya lulluɓe su. Ragowar kwamfutocin a bar su a buɗe, kusa da teburin ma'aikaci, fuskokinsu na kallon hanya, minti 30 ga kowa, shiga da lambar ɗalibi. Makon jarrabawa a rage zuwa 15.

Inda aka fi yin sakaci shi ne fita. Ɗalibi ya haɗa WhatsApp Web, wato WhatsApp ɗinsa a kan kwamfuta, wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi, ya ɗauki jakarsa ya kama gabansa. Wuta na dawowa, hirarsa na nan a buɗe ga duk wanda ya zauna, har da hotunan gida. Maganinsa manhaja irin Deep Freeze, wadda ke mayar da kwamfuta yadda take duk lokacin da aka sake kunna ta, kuma a saita burauza kada ta riƙe kalmar sirri. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan jami'o'i ma, don haka rijistar shiga ta tsaya kan lambar ɗalibi da lokaci, ban da leƙen hirar kowa. A manna takarda a gefen allo: wanda ya manta bai fita ba, ya buɗe wayarsa, ya je wurin na'urorin da aka haɗa, ya cire kwamfutar daga can.