Gargaɗin bairos na bogi

Salamu alaikum 'yan uwa. In kuna intanet wani shafi ya faɗo da jan rubutu, wai kwamfutarku ta kamu da bairos, ku kira lamba kaza, don Allah kada ku kira. Shafin intanet ba ya iya binciken kwamfuta. Ku rufe shi, ku buɗe Windows Security, manhajar tsaro da ke cikin Windows, da kanku ta yi bincike. Abin da ta killace, ku bar shi a killace.

Masu cewa ku sabunta Flash Player, tsohuwar manhajar kunna bidiyo da wasanni a intanet, kuwa, 'yan damfara ne, kamfanin Adobe mai ita ya daina kula da ita tun ƙarshen 2020. Ku duba ƙananan manhajojin da ke liƙe a Chrome ma, wadda ba ku sani ba ku cire, don wasunsu har kalmar sirri suke kwashewa.