Yadda Za a Koyar da Tsara Matatar Sauti ta Dijital ta Intanet

Malamin da yake koyar da sarrafa sigina a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a Kwalejin Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da ke Sakkwato zai iya shirya wa ɗalibansa aikin gwaji ba tare da ɗaki cike da na'urori ba, muddin ya bari kunne ya riga lissafi fahimtar abin da matata take yi, wato lissafin da yake tace sauti ya cire ɓangaren da ba a so.

A buɗe shafi a Google Colab, wanda yake gudanar da harshen shirye-shirye na Python a kan kwamfutocin kamfanin. Kowane ɗalibi ya naɗi muryarsa ta daƙiƙa biyar, a ɗauki samfuri, wato awon ƙarfin sautin, sau 8,000 a kowace daƙiƙa kamar yadda layin tarho yake yi. Fayil ɗin kusan kilobayit 80 ne, don haka ba zai cinye data ba. Sai a cuɗa muryar da gunjin da yake kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato Hz 50, irin wanda wutar lantarkinmu take sa wa lasifika idan waya ta yi sako-sako.

Aikin farko shi ne a sa su ɗauki matsakaicin kowane samfuri 160 da ke jere. Wannan ita ce mafi sauƙin matatar FIR, wato matatar da take lissafi da samfuran da suka shigo kawai, kuma da yake 8,000 a raba da 160 yana ba da 50, gunjin zai ɓace ɓat. Sai dai muryar ma za ta dushe har ba a gane magana, kuma bai kamata malami ya yi saurin bayyana dalili ba. Ya bar su su zana yadda matatar take amsa kowace kaɗawa da umarnin freqz na SciPy, tarin kayan lissafi na Python, su gani da idonsu cewa ta danne duk abin da ya haura gunjin.

Daga nan ne matatar IIR, wadda take mayar da sakamakonta na baya cikin lissafi, take da ma'ana. Umarnin iirnotch yana ƙwaƙule kaɗawa guda ya bar sauran, ɗalibi kuma ya riƙa canza adadin Q, mai tsara faɗin ramin da aka ƙwaƙule, yana saurare: idan ya ƙaru ramin yana ƙara tsukewa, amma gunjin yakan daɗe kafin ya mutu a farkon sautin.

Rubuta umarni a kan wayar hannu yana da wahala, saboda haka a bar musu layi ɗaya ko biyu kawai da za su gyara. A ba kowa kaɗawar gunjinsa daban bisa lambar rajistarsa, ya turo sautin da ya tace tare da zanensa.