Yadda Ɗalibi Zai Nazarci Mulkin Faranjawa a Ƙasar Sham

Ɗalibin tarihi a Samaru, ko mai karatun zaure a cikin birnin Zazzau, idan ya tashi nazarin yaƙe-yaƙen Salibiyya, wato yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai suka yi don karɓe Kudus, yawanci da Salahuddin yake farawa, da shi kuma yake rufewa. Wannan hanya tana rage masa fahimta, domin Faranjawa, wato Kiristocin Yammacin Turai, sun yi mulki a gaɓar Sham daga 1098 zuwa 1291, kuma ba da Musulmi kaɗai suka yi hulɗa ba. Akwai Rumawa, Kiristoci masu harshen Girka da fadarsu ke Kustantiniyya, waɗanda duk nazarin da ya bar su a baya zai fito da giɓi.

Abin da ya kamata ɗalibi ya fara yi shi ne ya zana taswira da hannunsa, ya sa ƙasashe huɗun da Faranjawa suka kafa: Ruha da Antakiya a 1098, Kudus a 1099, sai Tarabulus wadda birninta ya faɗa hannunsu a 1109. Ya kewaye su da Halab da Dimashƙu da Masar ta Faɗimiyyawa, ya sa daular Rum daga arewa. Da ya kammala zai ga cewa siririyar ƙasa ce suka riƙe a bakin teku, abin da ya tilasta musu neman sulhu da maƙwabta a kai a kai. A gefen takardar ya jera shekaru da lissafi biyu, tun da littattafan Larabci da Hijira suke ƙirga: an ci Kudus a 492, wato 1099, yaƙin Hiɗɗin, inda Salahuddin ya ci Faranjawa, ya auku a 583, wato 1187, Akka kuma ta faɗi a 690, wato 1291.

Daga nan sai ya ɗauki aukuwa guda ya karanta ta daga bakin kowane ɓangare. Antakiya ta fi dacewa da wannan gwaji. Sarkin Rum Aleksiyos ne ya nemi taimakon Turawan Yamma a kan Saljuƙawa, wato Turkawa Musulmi, Paparoma Urban na Biyu ya yi shelar tafiya a 1095, shugabannin rundunar kuma suka yi wa sarkin rantsuwa za su mayar masa da garuruwan da ya rasa. Bohemond, ɗaya daga cikin shugabannin nan, ya ci Antakiya ya ƙi mayarwa. 'Yar sarkin, Anna Komnena, ta rubuta labarin a matsayin cin amana. Marubutan Faranjawa sun ce sarkin ne ya fara saɓa alkawari da ya juya da baya ya bar su cikin tsaka mai wuya. Ibnul Asir kuwa, marubucin tarihi Musulmi, ya fi damuwa da rarrabuwar kan sarakunan Musulmi. A ƙarƙashin kowace riwaya ɗalibi ya rubuta wanda marubucin yake wa hidima da kuma tazarar da ke tsakaninsa da lamarin, domin Anna ta yi rubutunta ne bayan shekaru masu yawa.

Inda aikin ya fi buƙatar natsuwa shi ne zaman yau da kullum, wanda labarin fagen fama yake danne shi. Faranjawa tsiraru ne, saboda haka ƙauyuka da yawa sun ci gaba da zama a hannun ra'isi ɗan ƙasa, kamar yadda dagaci yake tsayawa tsakanin talakawa da hakimi. Ibn Jubair, matafiyin Andalus da ya ratsa ƙasar a 1184, ya ga manoman Musulmi a yankin Tibnin suna ba da rabin amfanin gona, da harajin kai na dinari ɗaya da ƙiraɗi biyar, ya kuma ga ayarin fatake na tafiya daga Dimashƙu zuwa Akka alhali ana cikin yaƙi. Usama ɗan Munƙiz, wani basarake Musulmi na Sham, ya ba da labarin yadda mayaƙan Haikali, wata ƙungiyar mayaƙan addini ta Faranjawa, suke ware masa wurin sallah kusa da Masallacin Aƙsa, har wata rana wani Bafaranje sabon zuwa ya cafke shi ya juya masa fuska gabas, inda Kiristoci ke fuskanta, alhali alƙibla a can kudu take, su kuma suka janye mutumin suka ba shi haƙuri. Ɗalibi ya yi hattara a nan, kada daɗin labari ya ɗebe shi ya ɗauka zaman lafiya ne tsantsa. Usama babban mutum ne da ya shigo a lokacin sulhu, kuma Ibn Jubair ɗin nan ya bayyana takaicin ganin fursunonin Musulmi cikin mari ana sa su aikin ƙarfi.

Kuɗi ma shaida ne. Faranjawa sun daɗe suna buga zinariya mai kwaikwayon dinarin Faɗimiyyawa da rubutun Larabci, sai da wakilin Paparoma ya hana a 1250, suka koma rubuta kalmomin Kiristanci, amma da Larabcin dai.

Ga Rumawa kuwa, abin lura shi ne coci. Faranjawa sun ɗora manyan limamansu a kujerun Antakiya da Kudus, suka bar ƙananan limaman Girka a ƙarƙashinsu, duk da haka an yi auratayya, kamar auren Sarki Amalrik na Kudus da Mariya Komnena a 1167. Ɗalibi ya bi wannan dangantaka har zuwa ƙwace tsibirin Ƙubrus a 1191 da wawushe Kustantiniyya a 1204, inda Faranjawa suka zauna har 1261.

Wanda ke Samaru ya nemi fassarorin waɗannan marubuta a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, amma idan bai ji Larabci ba, ya fi masa alheri ya ɗauki nassin Ibnul Asir ya tafi wurin malamin zaure su karanta tare, ya riƙa gwada shi da fassarar Turanci sakin layi bayan sakin layi, yana rubuta duk inda suka saɓa.