Magungunan da ba sa yafe kuskure: inda aka fi yin tuntuɓe a ɗakin jinya

Yawancin magunguna in an ɗan kuskure musu, abin bai wuce jiri ko ciwon ciki ba. Amma akwai 'yan kaɗan da sifili ɗaya a takarda, ko allura ɗaya da aka tura da gaggawa, ta isa a rasa rai: insulin, fotasiyam, magneziyam salfet, wafarin, hefarin, mofin, metotreksat. Shi ya sa a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage illar kuskuren magani da rabi cikin shekara biyar. A ganina, a ɗakunan jinyarmu na Jos ba wajen bayar da maganin aka fi faɗuwa ba. Wajen komawa a duba abin da ya yi wa jiki ne.

Magneziyam salfet shi ne gatan mai ciki da jijjiga ta kama. Kwalbarsa ta kashi 50 cikin ɗari ce, wato giram 1 a cikin mil 2. A tsarin bayar da shi da ake kira Pritchard, ana fara ba da giram 4 ta jijiya, da giram 5 a kowane ɗuwawu. Kuskuren farko shi ne a zuƙo mil 8 ɗin nan a tura jijiya yadda yake. Sai an ƙara ruwan allura mil 12 ya zama mil 20, sannan a tura a hankali, kada ya gaza minti 5. Daga nan giram 5 a ɗuwawu duk bayan awa 4, ana sauya ɓangare.

Babban kuskuren yana cikin wannan "duk bayan awa 4". Lokaci ya yi, an zo da sirinji, an soka, an sa hannu a kati, an wuce. Alhali kafin kowace allura akwai abu uku: numfashi kada ya gaza 16 a minti, a buga ƙasan gwiwa a ga ƙafa ta harba, fitsari kuma kada ya gaza mil 30 a awa. Ta ƙoda maganin yake fita. In ƙoda ta ja baya, taruwa yake a jini, gwiwa ta daina amsawa, daga baya numfashi ya tsaya. Ke ma'aikaciyar jinya, za ki shiga ɗaki da tsakar dare, uwar mijin mara lafiyar ta tare ki da fara'a: "Sista, alhamdu lillahi, tun ɗazu ta samu barci." Ki amsa mata, "Madalla, Hajiya, bari dai in duba ta," ki tsaya da agogo ki ƙirga numfashin minti ɗaya cur, ki ɗaga ledar fitsari ki karanta awon. Kati da aka jera "20, 20, 20" tun safe har dare ba ya gaya wa kowa komai sai cewa ba a ƙirga ba. In ɗaya cikin ukun ya gaza, a dakatar da allurar a kira likita. Makarinsa kalsiyam gulukonet ne, giram 1, wato mil 10 na kashi 10 cikin ɗari, ta jijiya a hankali. Wurinsa kusa da gadon, ba cikin kabad ɗin da mai makullinsa ya tashi aiki ba.

Akwai kuma masu tsoron maganin har su tsayar da shi da zarar an haihu. Ana ci gaba har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe, duk wanda ya zo daga baya.

Insulin kuwa tun daga biro matsalarsa take farawa. Likita ya rubuta "10U" cikin sauri, harafin ya rufe baki ya koma sifili, mai karatu ya ga 100. A rubuta kalmar yunit cikakkiya. Haka ".5" ɗigon yakan ɓace a karanta 5, "5.0" kuma a karanta 50, a rubuta 0.5 da 5 kawai. Sirinjin insulin ne kaɗai ake auna shi da shi, kuma a duba lambar sirinji ta dace da ta kwalba, don wanda aka yi wa U-40, mai yunit 40 a mil ɗaya, ba na U-100, mai yunit 100, ba ne.

Sai abinci. An yi wa dattijo insulin mai saurin aiki, ɗansa kuma ya tafi Taminus sayo abinci, cunkoso ya riƙe shi. Bayan awa guda Baba na gumi, hannu na rawa, yana surutai, dangi har sun fara maganar iska. Sukari ne ya faɗi. Kada a yi irin wannan allura sai an ga kwanon abinci a gaban mara lafiya. Abin da ya gaza 3.9 a na'urar da ke awo da milimol, ko 70 a mai awo da miligiram, faɗuwa ce, kuma ya kamata kowa ya san da wanne na'urar ɗakinsa take awo. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari, a sake gwadawa bayan minti 15. In ya suma, ba a ɗura masa komai a baki; gulukos ta jijiya. Sanyin Jos kuma ba firji ba ne: kwalbar insulin da ba a buɗe ba tana son digiri 2 zuwa 8, ba a bari ta ƙanƙare, wadda aka buɗe a rubuta mata kwanan wata, galibi mako huɗu take yi.

Maganar fotasiyam gajeriya ce. Ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, zuciya yake tsayarwa nan take. A cikin ledar ƙarin ruwa ake zuba shi, a jujjuya ledar sosai don kada ya kwanta a ƙasa, a daidaita ɗigon. Kwalbarsa ta yi kama da ta ruwan allura, don haka raba musu wurin ajiya ya fi kowace irin nasiha.

Wafarin, maganin tsinka jini, a gida yake ɓarnarsa. Awon INR, gwajin da ke nuna tsinkewar jini, na yawancin masu shan sa tsakanin 2 da 3 ake so. Wanda aka sallama ya koma Mangu ko Bokkos, in ba a rubuta masa ranar gwaji da inda zai yi ba, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo ko wani wuri mafi kusa, ba zai dawo ba sai da haɓo ko baƙin bayan gida. Ciki ya ɗan murɗa, ya shiga kyamis a ba shi Flagyl ko Septrin, duka biyun suna ƙara wa wafarin ƙarfi. Diklofenak na ciwon gwiwa kuma ya buɗe ƙofar zubar jini. Rifamfisin na tarin fuka akasin haka yake yi, rage masa ƙarfi yake. Wasu ma'aikata kan hana majinyaci ganye gaba ɗaya saboda bitamin K da ke cikinsa, mai rage wa wafarin ƙarfi. A garin da alayyafo da kabeji ke cika kasuwar Farin Gada, wannan umarni ba mai bin sa. A ce masa ya ci yadda ya saba, kada dai ya ƙaurace mako guda sannan ya dirar wa kwaɗon zogale. Mace mai shan sa kuma ta sani tun farko cewa yana illata ɗan tayi.

Metotreksat na ciwon gaɓoɓi sau ɗaya a mako ake sha. An saba da "kullum", shi ya sa ake rubuta sunan ranar ɓaro-ɓaro a jikin leda, a sa mara lafiya ya maimaita da bakinsa.

Duba na mutum biyu ma yakan zama wasa. "Goma ne ko?" "E, goma ne." Wannan amin ce kawai. Na biyun ya ɗauki kati da kwalba ya yi lissafinsa shi kaɗai, sannan a gwama. Wajen miƙa aiki kuma, "gado na huɗu yana kan mofin" bai wadatar ba. A faɗi ƙarfe nawa aka ba shi, numfashinsa nawa a dubawar ƙarshe, yaushe za a sake dubawa, da inda naloksan, makarin mofin, yake. In kuwa magani ya yi illa, a cike takardar NAFDAC mai ruwan ɗorawa ko a aika ta manhajar Med Safety, a kuma rubuta a littafin ɗaki har da kuskuren da aka tare kafin ya kai ga mara lafiya.